Rigar Zuwa Brazil

Ranar Litinin ta farko a watan Afrilu maƙwabciyata Doña Eduvina ta shigo shagona rungume da ƙullin yadi, ko gaisuwa ba ta tsaya yi ba.

"Ercilia, ajiye wandon nan ki auna ni. Brazil za mu."

"Brazil kuma? Ke da wa?"

"Dukanmu! Jiya Nibaldo ya faɗa a kan tebur. Hutun sanyi na watan Yuli, da an rufe makarantar yara, sati biyu a bakin teku. Wai can ko a Yuli da singileti mutane suke yawo."

Ni tela ce, katanga ɗaya ta raba gidana da nasu a layinmu na bayan kasuwa, nan garin Chillán, inda Yuni da Yuli ne tsakiyar sanyi. Nibaldo shi ne ɗanta tilo, direba a wani kamfanin katako. Shi da matarsa Yasna da 'ya'yansu mata biyu suke cikin gidan da marigayi mijinta ya gina. Ita kuwa tana ɗakin katako mai rufin kwano da ke bayan gida, tun ranar da babbar jikarta ta ce tana son ɗaki ita kaɗai.

Na warware yadin. Ruwan ɗorawa ne da fararen furanni, yana ta ƙamshin kafur, daga gani ya daɗe a ƙasan akwati. Na zagaya mata tef a ƙugu na rubuta tamanin da takwas.

"Kada ki yi wa rigar dogon hannu," in ji ta. "Ni ba tekun ce ta dame ni ba, 'yar nan. So nake in yi sati biyu ƙasusuwana ba su yi mini ciwo ba. Shi ke nan burina."

Shekarunta saba'in da takwas, ba ta taɓa hawa jirgi ba. Da ta fita ina jiyo ta tana ba mai sayar da burodi labari, tana nuna masa inda hannun rigar zai tsaya.

Da watan Mayu ya kama, ruwa ya sauko, sanyi ya biyo bayansa, gidan Nibaldo kuma aka shiga tsuke bakin aljihu saboda tafiya. Ranar da Doña Eduvina ta zo gwajin riga da suwaita biyu ta zo, da bargo a kafaɗa. Na taɓa hannunta na ji kamar na taɓa ƙarfen famfo da safe. Rigar ta yi mata yawa. Na sake awo, tamanin da uku.

"Ba kya kunna rishonki ne?"

"Kananzir ya yi tsada. Yasna ta ce kowa sai ya haƙura da wani abu in ana son tafiya. Yaran ma sun daina shan ayis kirim."

Ayis kirim a watan Mayu! Wa yake shan sa dama? Na san hitar gas ta falonsu tana ci tun daga shayin yamma har su tashi daga gaban talabijin, don ta tagata ina hango jan wutarta. Na kuma san katin fanshon tsohuwar a jakar Yasna yake kwana. Amma ita dariya take yi, tana tari tana cewa sanyin bana na ɗan lokaci ne, ai rana tana jiran ta a can.

A ranar ne ta ciro katin shaidarta daga cikin wani ƙyalle ta nuna mini, wai da shi kaɗai ake shiga Brazil, ba sai da fasfo ba. Na duba na ga wa'adinsa ya ƙare shekara biyu da suka wuce.

"Doña Eduvina, wannan ba za su bar ki ki hau jirgi da shi ba. Sai an sabunta."

"To, zan gaya wa Yasna. Ita ce mai takardu."

Bayan sati biyu Yasna ta kawo mini gajerun wandunan yara in rage musu ƙugu. Ta zauna tana latsa waya, tana nuna mini hoton masaukin da suka kama, ga ruwa shuɗi, ga bishiyoyin kwakwa. Bakinta ya suɓuce ta ce ta yi sa'a ta sami tikiti huɗu a jere, kusa da taga.

"Huɗu? Ai ku biyar ne."

Ta ajiye wayar a cinya. "Haba maƙwabciya, ki yi tunani mana. Tsohuwa kamar wannan a jirgi? In zuciyarta ta tsaya a sama wa za a zarga? Ni ce dai."

"Likita ne ya faɗa?"

"Sai likita ya faɗa? Sannan wa zai tsare gida? Kin manta abin da aka yi wa su Riquelme bara? Kwana biyar kacal suka yi, suka dawo ko cokali ba a bar musu ba. Ɓarayin hutu gidan da ba a kunna fitila suke nema. Dole a ga haske da yamma, a ga labule ya motsa da safe."

"To me ya sa kuka bar ta tana ɗinka riga?"

"Tana jin daɗinta, sai in ɓata mata? Ke ba ki ga yadda ta sake ba kwanan nan? Nibaldo zai gaya mata da bakinsa. Ke dai ki ja naki bakin."

Na kuwa ja bakina, kuma ba zan yi wa kaina ado ba. Yasna ce take kawo mini ɗinkin kayan makaranta na rabin ajin 'yarta, mu kuma a layinmu ba a tsoma baki a sha'anin gidan wani. Sau biyu Doña Eduvina ta sake zuwa gwaji a watan Yuni. Sau biyu ina rage ƙugun rigar, fil a bakina, ina jin ƙirjinta yana kuka kamar tsohuwar ƙofa, ina ce mata ta yi kyau. Awo na ƙarshe saba'in da tara na rubuta. Na naɗe mata rigar, na haɗa mata da guntayen yadin da suka rage.

Saura kwana huɗu su tafi, ranar Asabar, na ji bugun guduma. Na leƙa na ga Nibaldo yana bin tagogin gidan ɗaya bayan ɗaya yana kafe su da ƙusa ta waje, har da 'yar tagar ɗakin uwarsa. Ya riga ya sa an ja waya mai ƙaya a kan katanga. Raina ya ɓaci, na fita da tef a wuya.

"Nibaldo, ka gaya mata?"

Bai juyo ba. "Zan gaya mata."

"Yaushe? Ta haɗa jaka tun ranar Laraba. Kuma tarin nan nata ba na wasa ba ne. In ba za ku tafi da ita ba, ku kai ta asibiti, ku saya mata kananzir."

"Doña Ercilia, uwata ce fa. Kin fi ni son ta ne?" Ya tofar da ƙusar da ke bakinsa. "Mamita 'yar kan dutse ce, cikin ƙanƙara ta girma, wannan sanyin ba komai ba ne a wurinta. Zafi ne ma ba ta so. Shekara goma sha biyar ina tuƙi ban taɓa kai yarana ko'ina ba, yanzu da na samu sai a mai da ni mugu? Baɗi in Allah ya kai mu za mu kai ta wurin ruwan zafi na kan dutse, ita kaɗai, ta huta."

"Baɗi? Ka dubi wuyan hannunta kuwa?"

Yasna ta fito bakin ƙofa ta harɗe hannu. "Dama mun yi niyyar bar miki makulli," ta ce. "Amma tunda abin ya zama haka, yayana zai riƙe."

Ranar Laraba da safe tasi ta tsaya a ƙofarsu, za ta kai su tashar motar Santiago. Ina tsaye a bakin shagona da tsintsiya. Aka fito da akwatuna, yara suka fito suna tsalle. Sai ga Doña Eduvina a bayansu, ta sa rigar a ƙarƙashin kwat ɗinta, gefen ruwan ɗorawan yana leƙowa, ta shafa jan baki, jaka a hannu ɗaya, leda a ɗayan.

Nibaldo ya tsaya a gabanta yana kallon takalminsa.

"Mamita, an sami matsala. Katinki ya mutu, sun ce ba za ki hau ba. Mun yi iya ƙoƙarinmu."

Ta dube shi, ta dubi Yasna, ta dubi tasi mai kujera huɗu. Sannan ta juyo ta dube ni. Ban iya riƙe idonta ba, na sunkuya ina sharar wurin da na riga na share.

"To, mijito, ɗana," ta ce a hankali. "Allah ya kiyaye hanya." Ta miƙa wa ƙaramar jikarta ledar. "Ga dafaffen ƙwai da burodi, kada ku sayi na tasha, ba shi da kyau."

Yasna ta shiga jero mata dokoki kamar tana karanta takardar magani. Ta kunna fitilar falo da ƙarfe shida na yamma, ta kashe da bakwai na safe, ta buɗe labule. Kada ta kula kowa a ƙyaure, ko da ya ce daga kamfanin ruwa yake, don 'yan damfara tsofaffi suke nema. An cire tukunyar gas an kulle tare da risho a sito, gudun kada ta manta ta ƙona gida, amma ga butar lantarki, ga shayi, ga kifin gwangwani. Yayan Yasna zai riƙa leƙowa. Daga nan Nibaldo ya sumbaci goshin uwarsa, ya ja ƙyauren ƙarfe, ya datse kwaɗo ta waje, ya jefa makullin a aljihu.

Da yamma na kai mata romon kaza a kwalba, na zura ta tsakanin sandunan ƙyaure.

"Kin sani, ko?" ta ce.

"Na sani."

"To, ba komai. Rigar dai ta yi kyau."

Da ta zage ni da na fi jin daɗi.

Kwana na biyu yayan Yasna ya zo, ya tsaya a mota ya danna hon, ta ɗaga masa hannu ta taga, ya wuce. Ban sake ganin sa ba. Kwana na uku raɓa ta daskare a kan rufi, ruwan da ke bokitin tsakar gidana ya yi ɓawo. Na zura mata barguna biyu da jakar ruwan zafi ta roba. Na ɗauko rishona na gwada ta kowace fuska, bai shiga tsakanin sandunan ba, ta sama kuma waya mai ƙaya. Muka tsaya ni da ita, risho a tsakaninmu, tana tari har sai ta dafa ƙarfe.

Na kira Nibaldo sau uku bai ɗauka ba. Can sai ga saƙon murya, da kiɗa da hayaniyar ruwa a bayansa. "Doña Ercilia, ki daina tayar mana da hankali don Allah, mun yi magana da surukina ya ce lafiyarta ƙalau. Ga hoto nan, ki nuna wa mamita." Na nuna mata ta cikin ƙyaure. Su huɗu ne a cikin yashi, rana ta sa duk sun kanne ido. Ta daɗe tana kallo, ta goge fuskar wayar da gefen bargo.

"Ƙaramar ba ta sa hula ba," ta ce. "Ki gaya musu za ta ƙone."

Kwana na biyar ta fito tana bin bango. Leɓɓanta sun yi duhu, romon jiya ko rabi ba ta sha ba.

"Doña Eduvina, zan kira Don Aliro mai walda ya yanke kwaɗon nan. Ki dawo gidana, ga murhu, ga gado."

Ta kama hannuna ta cikin sandunan da ƙarfin da ban san tana da shi ba. "Kada ki yi. Na roƙe ki don Allah. In aka yanke, 'yan sanda za su ji, layi gaba ɗaya zai ce Nibaldo ya kulle uwarsa. A wurin aikinsa ma za a ji. Kuma in na bar gidan aka yi sata, da wane ido zan kalli Yasna? Saura kwana tara. Na ƙirga."

"Ba za ki kai kwana tara a haka ba!"

"Zan kai. Akwai buhun gawayin da Nibaldo yake gasa nama da shi a ƙarƙashin rumfa, kuma kaskona na ƙauye yana ƙarƙashin gado."

"Kasko a cikin ɗaki? Kin san hayaƙinsa yana kisa."

Ta yi 'yar dariya, tari ya katse ta. "Ni za ki koya wa kasko? Tun ba a haife ki ba nake hura shi. A waje ake hurawa, sai garwashi ya yi farin toka sannan a shigo da shi, a bar taga a buɗe kamar faɗin tafin hannu. Haka uwata ta yi, haka na yi."

Gaskiya ta faɗa, haka duk mutanen ƙauye suke yi. Na koma shago hankalina ya ɗan kwanta. Har yau in na tuna sai in ji kamar in mari kaina, domin da idona na ga Nibaldo yana kafe tagar nan, amma ko kaɗan abin bai faɗo mini a rai ba. Da la'asar kuma ruwa ya tsuge da iska, irin wanda ba ya barin wuta ta kama a tsakar gida. Ƙarfe shida daidai na ga fitilar falonsu ta kama.

Washegari na buɗe shago, na hura murhu, na zauna a keken ɗinki. Wajen ƙarfe takwas na ɗaga kai na ga fitilar falon tana ci, labule a rufe. Kwana biyar ba ta taɓa wuce ƙarfe bakwai ba. Na fita ba takalmi ina buga ƙyaure ina kiran sunanta, karnukan layi suka ɗauka, ita shiru. Na ruga wurin Don Aliro. Yanke kwaɗon bai ɗauke shi minti ɗaya ba, abin da na yi kwana biyar ina shawara a kansa.

A zaune muka same ta a bakin gado, ta jingina da bango, bargunana a kafaɗarta, rigar ruwan ɗorawa a jikinta. Kaskon yana gabanta, toka ta huce. Tagar tana nan a kafe. Ƙasan ƙofa da ramukan katako duk ta toshe su saboda iska, da guntayen yadin da na mayar mata.

Sai bayan kwana uku suka iso, wai ba a samun kujera a jirgi lokacin hutu. Suka sauko daga tasi fatar hancinsu tana saɓulewa saboda ƙunar rana. Nibaldo ya yi kuka a tsakar gida har da durƙusawa, kuma na yarda kukan gaske ne. "Ta san kasko fa," yake ta cewa. "Me ya kai ta? Me ya sa ba ta faɗa mini tana jin sanyi ba?" Yasna ta zagaya ɗakuna da makullai, ta fito ta ce wa yayanta a hankali, "Komai yana nan." Sannan ta tambaye ni wa ya ba mu izinin yanke kwaɗo.

A wurin jana'iza kowa hatsari ya kira shi. Tsufa ne, mantuwa ce, kowace shekara ai sai kasko ya ci mutane. Ba wanda ya ambaci ƙusa, ba wanda ya ambaci risho a sito, ba wanda ya tambayi yadda awon ƙugun mace ya sauka daga tamanin da takwas zuwa saba'in da tara a gidan da mijinta ya gina, tana murna. Ni ma ban ambata ba sai yau. Ɗanta ya kulle ta, surukarta ta kwashe wuta, ni kuma na ɗinka rigar ina sane. A cikinta aka binne ta, don ita kaɗai ce sabuwa a akwatinta.

Bana ma sun tafi, Peru wannan karon, wai yara suna bukatar su manta. Kafin su tafi Yasna ta sayo wata 'yar na'ura a kasuwa, ba ta kai tafin hannu ba, ana soka ta a bango a jona fitila. Mai shagon ya ce mini shekara da shekaru yana sayar da irinta, ba ta fi kuɗin kaza ɗaya ba. Ƙarfe shida na yamma fitilar falonsu takan kama da kanta, ƙarfe bakwai na safe ta mutu. Ina zaune a keke ina gani, ba ta taɓa makara ba.